Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ƙwadago: kilo nawa mai ciki za ta ɗaga a wurin aiki?

Mai girma Minista, assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Ni ungozoma ce a Tawa. Roƙona shi ne ma'aikatarku ta fito da adadin kilo da bai kamata mai ciki ta wuce ba a wurin aiki, kuma a kai maganar har inda matan suke.

A wurin awo kullum muna cewa, "Ki rage ɗaukar nauyi." Mace za ta ce to, ta ɗaure takardarta a bakin zane, ta koma gidan abincin da take wa aiki inda bido ke jiranta. Bido mai lita 25 kilo 25 ne. Za ta sunkuya ta fizgo shi daga ƙasa, ta tsaya da shi a gwiwa ta ja numfashi, sannan ta kai shi bisa gammo, ga ciki wata bakwai. Haka mai ɗaukar daron albasa a lambu, haka mai jidar yashi a wurin gini. In uwar ɗakinta ta ce ai wannan ba wani nauyi ba ne, da me za ta kare kanta?

Masana sun riga sun yi lissafin. A 2013 masu bincike na cibiyar lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, sun nuna cewa mai cikin da ba ta da wata matsala, in jefi-jefi take ɗagawa kuma kayan na kusa da jikinta daidai ƙugu, kada ta wuce kilo 16 kafin mako 20, bayan haka kuma kilo 12. In ɗagawar a kai a kai ce, fiye da awa guda a yini, iyakar ta sauka zuwa kilo 8, daga baya kilo 6. Suka kuma ce a daina ɗaukowa daga ƙasa da ɗagawa sama da kai, waɗanda su ne ainihin yadda matanmu ke ɗaukar kaya. Ashe bido guda ya ninka iyakar mai tsohon ciki. Dalilin a fili yake: ciki na sassauta jijiyoyin ƙugu, yana tura kaya nesa da jiki, sai baya ya ɗauki wahalar duka, faɗuwa kuma ta zo da sauƙi. Bincike ya kuma danganta yawan ɗaga nauyi da ɓari da haihuwar bakwaini.

Ranku ya daɗe, dokar ƙwadago ta 2012 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, mun gode Allah. Sai dai ciki mako 40 ne, kuma galibinsa a bakin aiki ake yinsa. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada a sa mai ciki dako in likita ya ga zai cuce ta ko ɗanta, har mako 10 bayan haihuwa. Abin da ke rubuce a Yamai da Faransanci bai isa kunnen mai wanke-wanke a tasha ba, balle wanda ya ɗauke ta aiki.

Saboda haka nake roƙo ku haɗa kai da ma'aikatar lafiya a buga iyakar a takardar awo, da zanen bido da daro, don wadda ba ta yi boko ba ta gane. A faɗe ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne tsoron kora. Mata da dama na ɓoye ciki har ya fito don kada a ce su zauna gida, gidan da babu hatsi. In ungozoma ta rubuta a sauya wa mace aiki, a mayar da ita yankan albasa ko karɓar kuɗi, takardar ta zama mai ƙarfi, kuma kada a taɓa ladarta. Masu duba aiki na jiha su leƙa gidajen abinci da wuraren gini, su tambayi wa ke jidar ruwa, su kuma sa mai wurin ya tanadi baro ko ya raba ruwan a bido ƙanana.

Allah ya yi muku jagora.

Wata ungozoma, Tawa