A fito da jarirai waje, amma babba ya fara durƙusawa ya duba ƙasa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu ɗan fili a jaridarka mu yi magana da iyaye da masu gidajen renon yara. Mutane da yawa sun ɗauka karatu yana farawa ne ranar da aka zaunar da yaro gaban allo. Yaron da bai kai shekara uku ba kuwa da tafin hannu da tafin ƙafa da baki yake karatunsa, kuma ajin da ya fi dacewa da shi yana ƙarƙashin bishiya. Daɓen ɗaki ko'ina sumul yake. Mai tatata da ya taka ciyawa, ya faɗa yashi, ya haura saiwa, sau uku ke nan ƙafarsa ta sake lissafi, kuma ta haka jiki ke koyon tsayuwa daram.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙa'ida: jaririn da bai fara rarrafe ba ya samu aƙalla minti 30 yana rub da ciki a farke kowace rana, a rarrabe, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu ya samu minti 180 na motsa jiki, kada kuma a bar yaro ɗaure a keken tura yara ko a goye fiye da awa ɗaya a jere. Minti 180 ba ya samuwa cikin sauƙi tsakanin kujeru da talabijin. Makarantun daji na ƙananan yara da suka fara a Danmak cikin shekarun 1950 a kan wannan fahimta suka ginu, sai dai ba lallai sai da daji ba. Inuwa ɗaya da ɗan fili mai taku goma sun isa.

Aikin farko na babba ne. Kafin a fito da yaro, a durƙusa har ido ya zo daidai da nasa, a bi filin taku-taku. Wanda yake tsaye ba ya ganin marfin kwalba da guntun gilashi da ramin tururuwa. Duk abin da zai shige bututu mai faɗin santimita 3 da ɗan ɗoriya, tsakuwa ce ko iri, zai iya maƙale wa yaro a wuya, a kwashe shi. A ɗaga duwatsu da itace a duba ƙarƙashinsu saboda kunama. A san tsirran wurin da sunansu: 'ya'yan zurma da na idon zakara guba ne, zaƙami ma haka, ruwan tumfafiya kuma yana ɓata ido. Na idon zakara ya fi ban tsoro, don ja ne da ɗigon baƙi, yana sheƙi, hannun yaro kansa yake fara zuwa. In an zuba yashin wasa, a riƙa rufe shi bayan an tashi, in ba haka ba kyanwa za ta mayar da shi bayan gida, daga nan tsutsar ciki ke samun hanya.

Rana ta fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, saboda haka a fita kafin nan ko bayan nan. A ɗora bayan hannu a ƙasa na daƙiƙa biyar. In babba bai jure ba, ƙafar yaro za ta ƙone. Jaririn da bai kai wata shida ba a inuwa yake zama, ba a kuma ba shi ruwa don zafi, nono ake ƙara masa. Kuskuren da ake yawan yi da kyakkyawar niyya shi ne lulluɓe keken jariri da zane don kare rana: iska ta tsaya, zafi ya taru a ciki. Gidan sauro mai barin iska ta wuce shi ya dace.

Ruwa kuwa, zurfin santimita biyar ya isa ya halaka mai tatata, kuma shiru abin yake faruwa, babu ihu. Kansa yana da nauyi sosai in aka kwatanta da girman jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kife ba zai iya fitowa ba. A zuba ruwan wasa a faranti mai faɗi, babba yana kusa yadda hannunsa zai kai, a zubar da zarar an gama. Ga 'yan ƙasa da shekara biyu, babba ɗaya kada ya wuce yara uku.

Daga nan sai babba ya koyi yin shiru, wanda a ganinmu shi ne mafi wuya. Yaro ya tsuguna yana bin tururuwa da ido, sai a ɗauke shi a ce zo ka ga fure, an katse masa darasi ke nan. A bar shi. In ya ɗago ya dube ka, ka faɗi sunan abin da kalma ɗaya ko biyu: ganye, sanyi, ya jiƙe. A fara da minti goma zuwa sha biyar, a riƙa komawa wuri ɗaya kullum, domin sai ya san wurin yake lura cewa ganyen jiya ya bushe. Kayan wasa na roba su zauna a ɗaki. Kwano da ludayi da manyan duwatsun da suka fi ƙarfin bakinsa sun wadatar.

In fatarsa ta yi zafi, ya yi laushi, ko fitsarinsa ya ragu, a shiga ciki nan take, in bai warware ba a nufi asibiti. Ko lafiya aka tashi, a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin ya ci komai, a duba bayan kunne da hammata da matsematsi ko kaska ta maƙale.

Naku,
Wasu malaman renon ƙananan yara