Na kwana a otal a cikin garinmu

Salamu alaikum mutumina,

Ya sanyin Ingila, ya madam da yara? Ina fatan karatu na tafiya daidai. Nan kowa lafiya lau sai zafi, kai dai ka san watan Afrilu a Kano, rana ta haura digiri 40, dare ya yi bango ya riƙa amayo abin da ya sha.

Labari zan ba ka amma kar ka yi min dariya. Ni da madam mun je mun yi hutun ƙarshen mako a wani babban otal a Nasarawa GRA, eh nan Kano, daga gidanmu ko a adaidaita ba nisa. Taransifomar layinmu ce ta ƙone ana ta haɗa kuɗin gyara gida gida, janareto kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya koma abin kallo a tsakar gida, sai ranar Juma'a nace mata ɗauko kayanki mu kai yara wajen Hajiya.

Hajiya ce ta fara. Wai me ya samu gidan naku, faɗa kuka yi da mai gida ko rufi ne ya faɗo? Nace hutu kawai za mu yi, ta daɗe tana kallona tace to Allah ya kyauta. Kuma ban ga laifinta ba, a wajensu baƙo gidan mutum yake sauka, fataken da suke zuwa da ayari ma a Fagge suke yada zango, kowane yana da fatomansa mai ba shi ɗaki da abinci ya nemo masa masu sayen kaya. Otal na Turawa ne da manyan ma'aikata can Bompai da Nasarawa, wanda talaka ya sani kuma shi ne na giya da sharholiya, to ɗan gari mai gida da iyali me ya kai shi? Har yau wannan zargin bai mutu ba. Mun shiga kenan muna tsaye wajen karɓar baƙi sai ga wani abokin Baba ya fito daga ɗakin taro, na durƙusa na gaishe shi, yace baƙo ka kawo ne? Wlh da sauri na jawo madam nace Baba ga iyalina ku gaisa.

Ɗakin kam ba magana. Amma ka san me ya fi burge ni, ba gadon ba ne ba talabijin ɗin ba, esi ce da ta kwana tana aiki. In an ɗauke wuta kafin ka ƙifta ido janaretonsu ya ɗauka, kuma sun kai shi can baya ba ka jin ƙararsa. Ka murɗa famfo ruwa ya zo da ƙarfi, na zafi da na sanyi, ba jiran mai ruwa ba lissafin jarka. Ba sauro. Ba hon ɗin 'yan adaidaita, ba mai buga ƙofa da sassafe. Gaskiya abin da suke sayarwa kenan, wuta da ruwa da shiru, sauran duk kwalliya ce. Shi ya sa ban yi mamakin kuɗin ba sosai, tun Afrilun 2024 da aka mayar da wutar 'yan Band A, wato masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit daga 68, ga dizal, ga rijiyar burtsatse da injin tace ruwa, duk a kan mai kwana za a fanshe. Sannan a ƙasan takardar biya a ɗora maka harajin VAT kashi 7.5 da kuɗin hidima, abin da ka gani a farko ba shi za ka biya ba. Kwana ɗaya ya haura mafi ƙarancin albashi na wata guda, dubu 70 ɗin nan, da yaron da ya ɗauko mana jaka yake ce min ranka ya daɗe sai da na ji wani iri, mai yiwuwa unguwarmu ɗaya.

Abinci kuwa ban yaba ba. Da safe an jera komai ka ɗiba da kanka, har da waina da ƙosai da kunun gyaɗa, amma wainar tsabta ce kawai ba ɗanɗano, an yi ta ne don bakin 'yan Abuja da Larabawa da 'yan Chana da suka cika wajen. Da daddare fita na yi na sayo mana tsire da gurasa na shigo da su a leda, mai gadi yana kallona yana murmushi. Wajen ninƙaya ma leƙawa kawai muka yi, ina ni ina tuɓe riga a garin da kowa ya san babana.

Ya tuna min lokacin da makaranta ta kai mu Bagauda da Tiga, otal-otal ɗin zamanin Audu Bako, muna leƙen ɗakuna ta taga. Daula Otal ma da muke wucewa ta gabanta a kan titin Murtala Muhammad ta zama tarihi, yanzu duk manyan na 'yan kasuwa ne.

Madam dai tace a riƙa yi duk shekara, nace a bari mu ga abin da aljihu zai ce, ni na fi karkata ga tara kuɗin in sa sola. In za ku zo babbar sallah ka faɗa min da wuri in kama muku ɗaki don yara ba za su iya zafin nan ba, lokacin hawan daba kuma ɗakuna cika suke. Amma kai za ka yi wa Hajiyarku bayani da bakinka, ba ruwana.

Ka gaida madam da yaran.

Naka har kullum.