Takardar koke ga Mai Girma Hakimi kan ruwan sha da cutar kwalara

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka.

Mu talakawanka mazauna unguwannin gangare, tare da 'yan gudun hijirar da suka sauka a cikinmu, mun kawo kuka gabanka tun hadari bai fara haɗuwa ba. Kukanmu a kan ruwan da muke sha ne.

Famfon tuka-tuka ɗaya muke da shi, kuma tun kaka ya lalace. An ce roba ce ta cinye a ciki, an zo an kwance kansa, har yau ba a dawo ba. Dole muka koma tsohuwar rijiya. Da ma za ka aiko wakili ya gan ta da idonsa, ranka ya daɗe: bakinta ya tsage, ba murfi, ba daɓe, kowa da gugansa, in ya gama ja ya yar a cikin caɓi, na baya ya ɗauka ya zura. Mun auna tsakaninta da masai mafi kusa, taku goma sha biyu ne, alhali ma'aikatan lafiya cewa suke yi kada ya gaza mita 30. In ruwan sama ya sauka, abin da ke masai da kwata da bayan katanga duk gangarowa yake yi, kuma mu ne a ƙasa.

Bara mun ga abin da ba ma fatan sake gani. Wata yarinya ta yi wasanta lafiya lau da daddare, da asuba gudawa ta tsinke mata, fara sol kamar ruwan wankin shinkafa, ga amai. Kafin la'asar idanunta sun faɗa, in ka tsunkuli fatar cikinta sai ta tsaya ba ta koma ba. Allah ya sa an kai ta asibiti aka yi mata ƙarin ruwa ta tashi. Akwai gidajen da ba su yi wannan sa'a ba.

Likitoci sun bayyana mana cewa kwalara ce, kuma ƙwayar cutar ta bayan gida take shiga ruwa ko abinci, tana kuma ɗaukar awa 12 zuwa kwana 5 kafin ta nuna. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yawancin masu ɗauke da ita ba sa jin ciwon komai, amma suna zubar da ita har kwana 10. Ke nan ba a gane mai ita da ido balle a guje shi. Ruwan ne za a tsare. A Landan a 1854, likita John Snow ya bi sawun mace-macen kwalara har bakin famfo ɗaya, aka cire hannun famfon. A Haiti kuwa, ɓarkewar da ta fara a 2010 daga gurɓatar kogi ta ci rai kusan 10,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in an samu kulawa da wuri, wanda ke mutuwa bai kai ɗaya cikin ɗari ba.

Ba sabuwar rijiyar burtsatse muka fi roƙo ba, ranka ya daɗe, don mun ga yadda ake yanke kyalle a tafa a watse, bayan shekara ta zama wurin ɗaure awaki. Muna roƙon ka sa baki wajen ƙaramar hukuma a gyara famfon da ke akwai kafin ruwan farko, a koya wa matasanmu biyu ko uku gyaransa, mu kuma mun ɗauki alkawarin yin karo-karo don kayan gyara. Tsohuwar rijiyar a ɗaga bakinta, a yi mata daɓen siminti da murfi da guga ɗaya mai rataya, a riƙa zuba mata sinadarin kulorin. Masan da suka matse ta a rufe su, a nuna wa masu su inda za su haƙa.

A kuma dawo da duba-gari ya riƙa leƙa inda 'yan ga-ruwa ke ɗibo ruwa da yadda suke wanke jarkokinsu. Ƙaramin asibitinmu a ajiye masa ƙullin gishiri da sukari da ƙwayoyin tsabtace ruwa. An sha ce mana mu tafasa, kuma gaskiya ne, amma matar da itacen girki ma ke gagararta ba za ta tafasa wa mutum goma ruwa kullum ba. Maganin rigakafin kwalara da ake sha ta baki kuwa ya yi ƙaranci a duniya a 2022, har aka koma ba da shi sau ɗaya maimakon biyu, don haka ba abin dogaro ba ne.

Abu na ƙarshe a hannunka yake kai tsaye: ka umarci dagatai da masu unguwanni su kai rahoton duk mai amai da gudawa a ranar da ya fara, kada a ɓoye don kunya. Muna jiran ranar da za ka sa mana, wakilanmu su zo fada.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka,
dattawa, mata da matasan unguwannin gangare.