A riƙa yi ma yaranmu bayanin Ingilishi da Hausa

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaisuwa. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ke kada yaranmu a jarabawar Ingilishi ta BEPC (jarabawar ƙarshen kolej), wato tambayoyin nan da ake barin gurbi a ce yaro ya zaɓi aikatau da ya dace da lokaci.

Ɗiyata na aji huɗu na kolej, shekaranjiya bayan isha'i ta kawo min kayenta duk jan bik, tana share hawaye. An ba su "She ... to Katsina yesterday", ita kuma ta zaɓi "has gone", amsa kuwa "went" ce. Na ce mi ya sa, ta ce ai Baba da Faransanci "elle est allée hier" ake cewa, kalma biyu, shi ne ta nemo mai kalma biyu. Wallahi ban ga laifinta ba, tun daga aji ɗaya da Faransanci mushe ke fassara musu, alhali Ingilishi ba ya yarda a haɗa "has" da jiya ko bara ko wata shekara da aka ambata (in ba da since ba), da ka ga yesterday ko ago ko in 2020 to magana ta ƙare.

Ni ɗan Ingilishin da na iya a Kano na tsince shi wajen fatauci, na zaunar da ita bisa tabarma muka bi da Hausa. Na ce ki fara neman kalmar lokaci tukuna kafin ki dubi amsoshin. In kin ga every day, "takan je" ke nan, goes. In now ce, "tana tafiya", is going. Wurin da Hausar ma ke ruɗinmu shi ne since, mu muna cewa "ina zaune Maradi tun 2020", Faransanci ma haka da depuis, amma su Ingilishi sai "I have lived", wannan kam sai an haddace. Cikin tambaya goma da na ba ta daga baya ta ci takwas.

Tun 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, Ingilishi kuma na aiki ne, to ina roƙon malamanmu da masu duba makarantu su bari a riƙa wannan bayani da Hausa ko na minti goma ne a aji, tun jarabawar bana ba ta ƙaraso ba.

Naku,
wani uba daga unguwar Zariya, Maradi