Wasiƙa zuwa ga abokina: yadda ƙwayoyin ƙashi ke riƙe abin da suke zaune a kai

Salam abokina, ya aiki ya iyali, ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Tambayar da ka min kan ƙarfen da aka sa masa a ƙugu, wai ta yaya ƙashi zai kama ƙarfe, ta tsaya min a rai sosai. Kaga ƙwayoyin ƙashi basa taɓa ƙarfen, wato taitaniyam ɗin, kai tsaye, da an saka shi nan da nan furotin na jini irin su fayibronektin da bitronektin suke lulluɓe shi, to su ne ƙwayoyin ke kamawa.

Ko a ƙashin da Allah ya halitta haka abin yake. Kusan 90 cikin 100 na furotin ɗinsa kolajin ne nau'i na 1, sauran kuma su ostiyopontin ne da makamantansu. A fatar kowace ƙwaya akwai wani furotin da take kama abu da shi mai suna intagirin, ɓangare biyu ne alfa da beta kamar yatsu biyu masu tsinkar abu, iri 24 ne a jikin mutum, kuma da yawansu abin da suke nema a jikin waɗannan furotin ɗan guntu ne na amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) uku kacal da ake kira RGD, wanda masu bincike Pierschbacher da Ruoslahti suka gano a 1984. Uku fa kawai!

Abin da ya fi burge ni shine riƙon ba na tsayawa bane kawai, ta ciki intagirin ɗin a haɗe yake da zaren aktin da ke riƙe surar ƙwayar, in ƙashi ya ɗauki nauyi ƙwayar tana jin jan, daga nan saƙo ya shiga ciki cewa a ci gaba da gini. Ostiyoblas, ƙwaya mai gina ƙashi, in bata samu abin kamawa ba mutuwa take yi. Shiyasa in likita yace Baba ya fara takawa a hankali, dan Allah ku ƙarfafa masa gwiwa.

Ita ma ostiyoklas, ƙwaya mai cinye tsohon ƙashi, sai ta kama ostiyopontin da intagirin alfa v beta 3, ta manne ta yi zobe ta rufe wurin ruf sannan ta zuba asid a ƙarƙashinta. Ɓerayen da aka cire wa beta 3 ƙashinsu kauri yake yi fiye da kima, don aikin rushewar baya tafiya daidai.

Ka gaida Mama da yara, ina jiran labarin hoton da za a sake ɗauka.

Naka har kullum.