Alƙaluman fasin ba su isa auna ɗan ƙwallo ba

Malam Edita,

Ina roƙon fili kan musun wane ɗan wasa ya fi iyawa, wanda ya cika gidajen kallon ƙwallo a Sabon Gari da Samaru, inda matasa ke ɗaga waya suna kafa hujja da alƙaluma.

A ɗauki lissafin fasin da ya isa ga abokin wasa. Ɗan bayan da ya yini yana miƙa wa maƙwabcinsa ƙwallo a nisan mita 5, babu mai matsa masa, sai ya tashi da kashi 90 cikin 100. Ɗan tsakiyar da ke ƙoƙarin ratsa 'yan baya kuwa dole wasu fasin ɗinsa su lalace, sai a ce bai iya ba. Wannan zalunci ne. A Gasar Kofin Duniya ta 2018, Sifaniya ta yi fasin sama da 1,000 a kan Rasha, aka tashi 1-1, Rasha ta fitar da ita a bugun fenareti.

Haka lissafin taimakawa a ci ƙwallo: ba a rubuta wa mai bayarwa komai sai an zura. Idan ɗan gaba ya ɓarar, wahalar mai bayarwa ta tafi a banza.

Ƙwallayen da ɗan wasa ya ci ma a ware na fenareti, domin kusan uku cikin huɗu na shiga raga. A duba minti nawa ya buga, da waɗanda ya ci wa.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya