Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Zanen Shafi na Kuɗi da Sauya Masauki

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Kamar yadda tsarin mulkin ƙungiya ya tanada, kwamitin gudanarwa na gabatar muku da bayanin abin da aka yi a shekarar da ta ƙare. Mun shiga shekarar da niyyar mayar da hankali kan horon rubutu da gyaran hoto, sai buƙatunku suka ja mu wani wajen. Yawancin kiran da ya zo teburin taimako a kan abu biyu yake. Wani ya sayi zanen shafin intanet (theme, wato tsarin kamannin shafi) da kuɗinsa, zanen ya ƙi fitowa yadda ya gan shi a talla. Wani kuma yana son kwashe shafinsa daga inda yake zuwa wani masauki, wato kamfanin da ke ajiye shafi a na'urarsa, yana tsoron kada rubutunsa ya salwanta a hanya. Su ne suka ci mafi yawan lokacinmu, su ne kuma za su fi cin wuri a wannan rahoto.

Horon farkon shekara

Abin da muka fara warwarewa shi ne cewa WordPress, manhajar gina shafin intanet, iri biyu ne. Akwai manhajar kanta, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003. Kyauta ce a ƙarƙashin lasisin GPL mai ba da izinin amfani da manhaja da gyara ta da raba ta, kowa na iya sauke ta daga WordPress.org ya girka a masaukin da ya kama haya, ragamar komai na hannunsa, wahalar komai ma tana wuyansa. Akwai kuma WordPress.com, hidimar kamfanin Automattic da ta fara a 2005, inda su ke riƙe da na'urar, su sabunta, su kula da tsaro, kai naka rubutu ne kawai. Blogger, wanda Google ya saya a 2003, shi ma a wannan rukuni na biyu yake. Mun tarar da membobin da suka daɗe suna aiki da ɗaya ba su san da ɗayan ba. Har akwai wanda ya riga ya biya kuɗin zane, da ya zo ɗorawa sai ya ga tsarin kyauta na WordPress.com ba ya karɓar zanen da aka kawo daga waje.

Zanen da ake saya

A nan muka fi daɗewa. Mai saye yakan ɗauka ya mallaki zanen ne ɗungurungum, alhali izinin amfani ya saya, kuma izinin yana da iyaka. A kasuwar ThemeForest ta kamfanin Envato, alal misali, lasisin gama-gari na shafi ɗaya ne tak, kuma taimakon mai zanen na wata 6 ne, sai in ka ƙara kuɗi a tsawaita maka zuwa wata 12. Wasu masu sayarwa kuma shekara-shekara ake biyansu, ranar da ka daina biya ranar sabuntawa ta tsaya. Shafin ba zai mutu nan take ba. Zai ci gaba da tafiya, amma duk lokacin da WordPress ya fitar da sabon salo, tsohon zanen yana ƙara zama baya, har wata rana a wayi gari wani sashe ya daina aiki.

An kawo wa kwamiti shawarar ƙungiya ta sayi zane ɗaya ta rarraba wa kowa. Mun tattauna sosai, ba mu amince ba. Gaskiya ne ɓangaren lambobin manhaja (PHP) na zanen WordPress yana ƙarƙashin GPL, amma hotuna da wasu kayan ado na iya zuwa da nasu lasisin daban, kuma mabuɗin sabuntawa na mai saye ne shi kaɗai. Ban da haka, wanda ya zauna ya yi aikin yana da haƙƙinsa. Haka nan mun ja kunne da babbar murya a kan zanen kuɗi da ake rabawa kyauta a wasu shafuka bayan an fasa makullinsa. Sau da yawa ana cusa masa ɓoyayyiyar ƙofa. Ɗaya daga cikin shafukan da muka wanke a bana haka ya same shi: mai shi bai ga komai ba, amma duk wanda ya shigo ta hanyar binciken Google sai a tura shi wani shafin talla. Araha ba ta ado.

Akwai wata matsala da ba a ganinta sai ranar rabuwa. Zane da yawa na zuwa da manhajar gina shafi a haɗe, kuma ita wannan manhaja tana shuka gajerun lambobinta a tsakiyar rubutunka. Wata 'yar uwa ta canza zane bayan shekaru tana rubutu, ta buɗe tsohuwar maƙalarta, sai ga kowane sakin layi a kewaye da baka-biyu da haruffan da ba su da ma'ana, hotuna sun ɓace, teburan da ta tsara sun wargaje. Ita da mutum biyu daga teburin taimako suka bi maƙalolin ɗaya bayan ɗaya suna tsincewa. Tun daga nan muke ba da shawarar a rubuta maƙala da editan WordPress na asali, wanda ya zo da salo na 5.0 a Disambar 2018, a bar manhajar gini ga shafin farko kaɗai in ma dole ne. Wanda kuma zai taɓa launi ko tsari, ya yi a zanen reshe, wato ƙaramin zanen da ake ɗorawa a kan na asali, domin duk gyaran da aka yi a fayilolin uwar zane sabuntawa ta gaba za ta share shi.

Mu da muke rubutu da Hausa muna da ƙarin abin dubawa. Ba kowane salon haruffa ne ke ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. In babu su, burauza za ta aro daga wani salon, sai ka ga kalma kamar "ƙaƙƙarfa" ta fito haruffanta wasu sirara wasu masu kauri, musamman a kanun labari. Kafin ka biya, nemi sunan salon haruffan da zanen ke amfani da shi, ka gwada masa waɗannan haruffa huɗu manya da ƙanana. Noto Sans da Noto Serif na Google suna da su duka.

Ƙaura

Ba hanya ɗaya mutane suka bi ba. Wasu sun bar Blogger ko WordPress.com zuwa masaukin kansu don suna son 'yancin saka talla da manhajojin ƙari. Wasu kuma sun yi akasin haka, sun gaji da sabuntawa da fargabar kutse, sun koma inda za a kula musu. Kwamiti ba ya ganin komawar a matsayin ci baya. Wanda rubutu ne sana'arsa, ba shi da lokacin zama gadin na'ura, ya yi daidai.

Abin da ya fi kama mutane shi ne hotuna. Fayil ɗin da WordPress ke fitarwa, mai suna WXR, yana ɗauke da rubutu da sharhin masu karatu da rukunoni, amma hotunan kansu ba sa ciki, adireshinsu ne kawai. Sabon masauki sai ya je tsohon ya jawo su. Wanda ya rufe tsohon shafi kafin a gama jawowa zai tashi da maƙaloli ba hoto ko ɗaya. Sai batun adireshin maƙala. Na Blogger yana ɗauke da shekara da wata, ya ƙare da .html, na WordPress kuwa ya danganta da yadda ka saita shi. In ba a yi turawa ta dindindin ba, wadda ake kira 301, duk mahaɗin da aka taɓa yaɗawa a Facebook ko WhatsApp zai kai mai karatu shafin da babu kowa. Mun kuma ga rumbun bayanai da aka kwashe ba a kan tsarin ajiye haruffa na UTF-8 ba, haruffanmu masu lanƙwasa suka koma alamun tambaya. A buɗe tsofaffin maƙaloli a duba da ido kafin a ce an gama.

Sunan shafi yana da nasa ƙa'idojin. A ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen shafukan intanet, suna irin na .com da aka yi wa sabuwar rajista ko aka sauya masa kamfani yawanci ba a iya mayar da shi wani kamfanin rajista sai bayan kwana 60. Sauya inda sunan ke nuni kuma na iya ɗaukar har awa 48 kafin ya game ko'ina, kuma wanda imel ɗinsa ke rataye da sunan ya kula da saitin imel ɗin, in ba haka ba saƙonni za su daina shigowa bai sani ba.

Abin da ya fi damun kwamiti a duk wannan aiki shi ne yawan membobin da sunan shafinsu ba a hannunsu yake ba. Wanda ya gina musu shafin ne ya yi rajista da imel ɗinsa, yau kuma an neme shi an rasa. Zane ana canza shi, masauki ana barinsa, amma in suna ya kuɓuce, masu karatun da aka tara shekara da shekaru sun tafi da shi. Dandamali ma ba sa dawwama. Yahoo ya rufe GeoCities a 2009, Posterous ya rufe a 2013, shekara ɗaya bayan Twitter ya saye shi. Waɗanda ke da kwafin rubutunsu a ajiye da sunan shafi na kansu su ne suka tashi ba tare da babbar asara ba.

Sauran ayyuka da abin da ke gaba

An gudanar da tarukan wata-wata yadda aka saba, kuma mun karɓi sababbin membobi, muna yi musu maraba. Bayanin kuɗi yana cikin rahoton ma'aji da za a raba daban. Muna miƙa godiya ga 'yan uwan da suka riƙe teburin taimako ba tare da an biya su ko sisi ba, wasunsu har cikin dare suna bin fayil layi-layi. Allah ya saka musu da alheri.

Jagorar ƙaurar shafi da muke rubutawa da Hausa ta kai matakin gyara, za a kawo ta babban taro ku duba ku yi mata ƙari. Horon gyaran hoto da aka ɗage shi ne zai buɗe sabuwar shekara, in Allah ya yarda. Kafin ranar taro, muna roƙon kowane memba ya shiga asusun rajistar sunan shafinsa, ya tabbatar sunansa da imel ɗinsa ne a kai, ya duba ranar ƙarewar rajistar, ya kuma sauke kwafin rubutunsa da hotunansa zuwa kwamfutarsa. Wanda ya kasa shiga asusun ya sanar da sakatare tun da wuri, domin a ware masa lokaci a teburin taimako.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa